Inda Romon Inna Luba Yake Ƙarewa

Duk shekara ana turo mana matasa masu yi wa ƙasa hidima, kuma da wuya shekara ta wuce wani daga cikinsu bai dube ni yana murmushi ya ce, "Anti Asma'u, ai ku kun huta. Dukiyar wani, ku sai rabo," ba. Ba na jin haushi. Ni ma haka na zata ranar da na fara shiga ofishin gidauniyarmu da takardar digirina a jaka. Na ɗauka zan zauna ƙarƙashin fanka ina sa hannu, alheri yana fita ta taga kamar tantabarun da aka buɗe wa ɗaki.

Gidauniyar ta wani gidan malamai ce da ke kusa da Hubbare. Mahaifinsu ya bar wakafi, 'ya'yansa suka ga maimakon rabon hatsi a ƙofar gida, gara a riƙa tallafa wa ƙananan ƙungiyoyin unguwa da suka riga suka fara wani abin kirki da kansu. Aikina shi ne in je in gan su, in dawo in faɗa wa shugabanni abin da na gani. Sunan aikin a takarda yana da tsawo. Matan unguwa kuwa ɗiyar ofis suke ce mini, kuma shi na fi so.

Kayan aikin ba su da yawa. Takalmi mara tudu wanda ba ya tsoron taɓo, hijabin da ba ya jan ido, waya mai caji, da cikin da zai iya karɓar fura a gida uku a jere ba tare da mai shi ta ɓata fuska ba. Sai hanci. Wannan kam ba a faɗa mini a jami'a ba. Da hanci ake gane ɗakin ɗinkin da ake aiki a cikinsa kullum da wanda aka buɗe yau da safe saboda an ji za ki zo.

Wadda ta koya mini aikin ita ce Malama Saratu, tsohuwar malamar asibiti da ta riga ni a ofishin. Aikin farko da na bi ta shi ne na wata ƙungiyar mazauna Sabon Gari da ke yashe magudanar ruwa. An ba su shebur da baro da takalman roba. Suka kai mu bakin titi, suka nuna mana magudanar tas, har ana ganin simintin ƙasa. Na fito da waya ina ɗaukar hoto. Malama ta ce, "Mu tahi." Ta kama gefen magudanar tana bi, ta bayan shaguna, ta lungun masu wanki, ina binta ina tattare hijabi, har muka iso inda aka tara dukan dattin da aka kwaso, tuli guda jikin katangar wata tsohuwa. Ruwan farko na sauka zai mayar da shi inda ya fito. Ba ta yi musu faɗa ba. Tambayarsu ta yi me ya hana a kwashe, suka sunkuyar da kai suka ce ba su da abin ɗauka zuwa bayan gari. A hanya ta ce mini, "Asma'u, kowa farkon abu zai nuna miki. Ke ki bi shi har inda ya ƙare."

Abu na biyu da ta koya mini ya fi wuya. A garin nan mutum ba ya ce miki ba shi da shi. Ko rufin ɗakinsa ne ya faɗo jiya, in kika gaishe shi zai ce lafiya lau, an gode Allah. Rufin asiri tufa ce da ba a tuɓewa gaban baƙo. Don haka ba a tambayar "me kuke buƙata" a zuwan farko. Sai ki zauna, ki sha ruwa, ki yaba yara, idonki kuma yana kan tokar murhu, yana duba ko ta yau ce ko ta shekaranjiya.

Cikin ƙungiyoyin da aka damƙa mini bayan Malama ta ajiye aiki akwai ta matan mahauta a unguwar Gidan Igwai. Shugabarsu Inna Luba ce, doguwa, mai dariyar da ake ji tun daga zaure. Ta fara abin ne lokacin da ta yi jinyar ƙanwarta a asibiti, ta ga mutanen ƙauye da suka kawo marasa lafiya daga nesa, ba su san kowa a birni ba, suna kwana a baranda suna jiƙa gari da ruwa. Ta dawo ta tara matan unguwa. Kowace ta karɓo abin da mijinta zai iya bayarwa daga mayanka, ƙashi ko kayan ciki ko ƙafar sa, su haɗa su yi romo da tuwo a tsakar gidan Inna, bayan azahar a ɗora bokitai a keke napep a kai wa masu jinya. Mu namu dawa ne da itace da kuɗin keke. Na sha tsayawa ina kallon tururin tukunyar nan yana hawa ta cikin ganyen dogon yaro, ina jin kamar addu'a ce ake gani da ido.

Sai shekarar wahala ta zo. Man fetur ya hau, komai ya bi shi. Shanu suka yi tsada, mahautan da kowa ke yanka nasa suka koma haɗa kai suna yanka ɗaya. Kayan cikin da a da ake miƙowa kyauta ya zama abin da ake jira a sayar a kai cefane gida. Romon Inna ya fara haske. In aka ɗebo, kana ganin gindin ludayi ta cikinsa. Masu jinya kuwa ba raguwa suka yi ba.

A shekarar ce kuma gidauniyarmu ta zauna tsara shirinta na dogon zango. Shugabarmu, Hajiya Maryama, babbar 'yar marigayin, mace ce mai natsuwa da ta daɗe a aikin gwamnati. Ta ce ta gaji da ganin ƙungiyoyi suna zaman ɗar-ɗar duk ƙarshen shekara, ba su san ko za a sabunta musu tallafi ba. Za a zaɓi waɗanda za a riƙe shekara goma, a ɓangaren lafiya da ciyarwa da tsaftar unguwa, a koyar da shugabanninsu, a bar su su yi tunanin gobe da kwanciyar hankali. Amma wakafin yana da iyaka. Ƙungiyar da aka ga ta tsaya da ƙafafunta za a yaye ta, a ba mai rauni wurinta. Har yau ina ganin shiri ne mai kyau. Abin da ya dame ni shi ne yadda za a tantance. Shugabanni da kansu za su zagaya, kuma za a sanar da kowa ranar zuwansu, domin faɗo wa mutane gida ba sallama ba tarbiyyar gidansu ba ce.

Na je na sami Inna Luba tana tankaɗe. Na ce, "Inna, Hajiya za ta zo. Don Allah a bar komai yadda yake. Yadda kuke yi kullum, haka nake so ta gani."

Ta ce, "To, ɗiyata."

Wannan "to" ɗin bai kwantar mini da hankali ba. Ya zo da sauri.

Ranar ziyarar tun daga bakin lungu na ji ƙamshin da ban taɓa ji a gidan ba. An share, an yayyafa ruwa. An jera kujerun roba da na san na makarantar Islamiyyar unguwar ne. Matan sun yi anko. A inda tsohuwar tukunyarmu mai baƙin gindi take zama, wasu sababbi ne ke ƙyalli, ko takardar kamfani ba a ɓare daga jikinsu ba, kayan jeren wata amarya ce ta maƙwabta. A gefe ga firiza fara ƙal, ta mai shagon lemo na bakin titi, an lulluɓe wayarta da tabarma don kada a ga ba a jona ta da komai ba. Mahautan unguwar kuma sun haɗu sun kawo cinyar sa sukutum. Romon ranar, cokali zai iya tsayawa a cikinsa.

Hajiya ta ci, ta yaba, ta tambayi Inna ko akwai wata matsala.

Inna ta yi dariyarta ta ce, "Matsala, Hajiya? Lahiya lau muke. Albarkar mahaihinku ta ishe mu. Allah shi jiƙan Malam."

Na kafa wa Inna ido. Ta kau da kai, ta ƙara wa Hajiya tsoka.

A mota Hajiya ta gyara zama ta ce, "Masha Allah. Waɗannan kam sun girma. Irin abin da muke fata ke nan." A zaman da aka yi bayan nan, sunan matan Gidan Igwai ya faɗa cikin waɗanda za a yaye. Na nemi izini na ce ƙungiyar ba ta kai yadda aka gani ba. Hajiya ta dube ni a hankali ta ce, "Asma'u, da idona na gani, da bakina na ci. Ko kina nufin Inna Luba ƙarya ta yi mana?"

A nan ne aikin yake da wuya, ku da kuke ganin rabo ne kawai. In na ce e, na zubar da mutuncin dattijuwar da ba ta yi komai ba sai karrama baƙuwa, kuma ƙungiyar da aka kama da ƙarya ba a riƙe ta shekara goma. In na ce a'a, dawa da itace da keke sun tafi, tukunyar ta sauka ke nan. Na ce, "Ba ƙarya ta yi ba, Hajiya." Aka wuce zuwa magana ta gaba. An bar 'yan makonni kafin a rufe zaɓen.

Na koma Gidan Igwai. An mayar da firiza, an mayar da tukwanen amarya, tsohuwar tukunya ta dawo kan murhunta. Na faɗa wa Inna abin da ake ciki, na roƙe ta ta je da kanta ta gaya wa Hajiya gaskiyar hali.

Ta ajiye muciya ta ce, "Ni Luba? In tahi gaban ɗiyar malamai in buɗe baki in ce ba mu da shi? Ke ɗiyar ga, boko ya cinye miki kunya?"

"Inna, za a janye tallafin fa."

"To mi kike so mu yi? Mace ta taso tun daga Hubbare ta zo gidana, in aje mata ruwan ƙashi? Mutanen ga shekara da shekaru suna ba mu. In sunka zo sunka ishe tukunya awa ruwan wanki, mi za su ce? Su ce abin da munka ba su bai yi albarka ba. Wanda ya yi maka alheri, nuna mishi ake alherinsa ya tohu."

Wata daga cikin matan da ke yanka albasa ta ce, "Kuma in anka ji a unguwa cinyar ta taro ce, mazanmu ina za su sa kansu?"

Inna ta ɗauki muciyarta ta ce, "Allah da Ya hore muna can baya, Shi ka hore muna gaba." Magana ta ƙare.

Makonnin nan ban san yadda na yi su ba. Ina kan kabu-kabu zuwa wata ƙungiyar, ina lissafa barandar asibiti a kaina. Ina cikin rubuta rahoton wasu, sai in ga kwanukan nan da ake miƙowa. Rannan ina tsaye a Sabon Gari bakin magudanar da muka taɓa bi da Malama Saratu, wadda yanzu ake kwashe dattinta da amalanke, sai maganarta ta dawo mini. Hajiya farkon abin ta gani.

Na same ta a ofis bayan ta idar da walaha. Na ce, "Hajiya, kin ga inda abincin matan Gidan Igwai yake farawa. Ina roƙon ki zo ki ga inda yake ƙarewa."

Ta ce, "Ba tare da an sanar da su ba? Kin san ba ma haka."

Na ce, "Asibiti ba gidan kowa ba ne, Hajiya. Ba wanda za a faɗo wa. Dubiya za mu je."

Ta ce in je, za ta duba. Kwanaki suka yi ta wucewa, ranar rufe zaɓe tana matsowa, duk ƙarar waya sai na zabura. Sai wata Laraba da zafin rana, irin zafin da kwalta ke laushi, ta leƙo ofishina da mayafinta a kafaɗa ta ce, "Tashi mu je dubiyar taki."

Mun iske keken ya riga mu. An sauke bokitai a inuwar baranda, masu jinya sun fara taruwa da kwanukansu, tsofaffi da mata masu goyo, wasu da Fulatanci a bakinsu, wasu da Zabarmanci. Inna Luba tana tsugune tana buɗe murfi. Da ta ɗago ta gan mu, sai dariyar nan tata ta katse. Ta yi mini kallo ɗaya wanda har yau ban manta da shi ba. Ta miƙe tana waige-waige, na san kujera take nema, ko tabarma, ko wani abin da za ta tare baƙuwa da shi. Babu komai a wurin sai bokiti da ludayi.

Hajiya ta gaishe ta da ladabi, ta naɗe hannun riga ta ce, "Inna, a ba ni ladan yau. Kawo ludayin."

Ba a hana ɗiyar malamai lada. Inna ta miƙa mata.

Hajiya ta zuba wa na farko ludayi cike, ta ƙara masa. Haka ta ga an yi mata a Gidan Igwai. Ta zuba wa na biyu haka. Inna tana tsaye a gefenta, idonta yana kan bokiti, yana kan layi, yana komawa kan bokiti. Na ga leɓenta yana motsi. A na huɗu ko na biyar ta kasa daurewa. Ta sunkuya kusa da kunnen Hajiya, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Rage hannu, Hajiya. Rabi-rabi ake sawa."

Hajiya ta tsaya da ludayin a sama. Ta dubi abin da ke cikinsa, ruwa mai ɗan maiƙo da ƙashin da ya dahu har ya yi fari. Ta dubi layin da ya miƙe har kwanar baranda. Ta rage hannu.

Duk da haka bai kai ba. Ludayi ya fara karta gindin bokiti da sauran mutane a tsaye. Inna ta ɗauko fulas ɗin ruwan zafi da take zuwa da shi, wanda ni kaina ban taɓa sanin amfaninsa ba sai ranar, ta tuttula a bokitin, ta girgiza, aka ci gaba. Da wannan ma ya ƙare, wani dattijo mai rawani da ya saura ya dubi kwanonsa, tuwo ne a ciki ba miya, ya ce, "Ba komai, Hajiya, Allah Ya saka. Jiya na samu." Ya juya ya koma wurin mara lafiyarsa.

Muka koma ofis.

Inna Luba ta daina ɗaga wayata. Na je gidan, aka ce tana ciki tana hutawa, ita da ba ta taɓa hutawa da rana ba. Matan suka amsa gaisuwata a taƙaice. Ɗaya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kin kyauta, kin tona muna asiri gaban manya." Daga ofis kuma shiru. Na zauna tsakanin shiru biyu, ban san ko na ceci tukunyar ba, ko na rasa ta na kuma rasa masu ita.

Ranar rufe zaɓe Hajiya ta karanto sunayen waɗanda za a riƙe shekara goma. Matan Gidan Igwai suna ciki, har da ƙarin cewa gidauniya za ta riƙa sayen ƙashi da kayan ciki daga hannun mazajensu a mayanka, kada kyautar ta ci gaba da fita daga bakin iyalansu. Ta kuma ce daga yanzu duk ƙungiyar da za a tantance, bayan ziyarar gida sai an je inda aikinta yake sauka. Ba ta ambaci firiza ba, ba ta ambaci cinya ba, ko a ranar ko bayanta.

Ba duka aka gyara ba. Akwai wata ƙungiyar masu ɗinki da ita ma ta yi aron kekunan ɗinki ranar ziyara, ba a hannuna take ba, an riga an yaye ta kafin a canja tsarin. Na wuce ta ƙofar shagonsu kwanan baya na ga kwaɗo. Shi ya sa har yanzu duk lokacin da na shiga gida na ga an yayyafa ruwa an jera kujeru, nake fara duba tokar murhu.

Na bar kwanaki kafin na koma Gidan Igwai da labarin, duk da na san ya riga ni isa. Na yi sallama a zaure. Tsakar gidan tana yadda take, toka a gefe, kaji suna tono, tsohuwar tukunya a kan murhu. Ba wanda ya tashi ya shimfiɗa mini tabarma. Ba wanda ya aika a sayo fura. Inna Luba tana tuƙa tuwo, ko juyowa ba ta yi ba. Na tsaya riƙe da jakata ina jiran hukunci.

Can ta ce, "Ke, ɗiyar ofis."

"Na'am, Inna."

"Itacen da kunka kawo ɗanye na, hayaƙi kawai shika yi. Kuma gindin babbar tukunyar ga yoyo shikai tun kahin azumi. Ki hwaɗa musu."

Shekaru ina shiga gidan nan, ban taɓa jin ta ce wani abu ya lalace ba sai ranar. Na ce, "To, Inna, zan faɗa."

Ta turo mini tiren albasa da ƙafa, wuƙa a kai.

"To mi kike tsaye kina kallona? Aje jakar ga ki zauna. Azahar ta kusa, mutane na can suna jira."